Ƙasar Gindin Ɗakwara

Talata, bayan la'asar

Harun ya sake ɗauko zancen gonar ɗakwara. Wannan karon bai yi kewaye-kewaye ba. Ya tuɓe takalmi kamar mai ladabi, ya zauna a bakin angarib ɗina, gadon igiya, ya ce, "Yaba, a sare ta bana."

Na ce masa yau zafi ya yi yawa, ko hadari ne ke kusa.

Ya ce, "Shi ya sa nake magana. Kafin ruwa ya sauka."

Ɗana ne na biyu. Ya daɗe yana tuƙa motar haya a Madani, ya dawo da hannu mai laushi da baki mai kaifi. Ba duka nake ganin laifinsa ba. Tun da abin nan ya faru, yaƙi ya koro mutane, gidana ya zama tasha. Matan 'ya'yana, da 'ya'yansu, da surukan surukai, da wata tsohuwa da har yau ban gano ta inda muka haɗa jini ba, amma tana cin kisra, wainar dawar nan, da hannu biyu, Allah ya ƙara mata lafiya. Na daina ƙirga takalman ƙofar gida.

Gonaki biyu gare ni a bayan Hawata. Ta kusa ita muke nomawa. Ta gaji, wuta-wuta ta cinye ta, dawa na fitowa kamar an roƙe ta. Ta nesa kuwa barci take yi. Shekara bakwai ke nan da muka zuba mata ɗakwara, hashab inji mutanen nan, muka bar ta ta huta. Ubana ya ce ƙasa ba ta gama wannan barci sai an ninka bakwai ɗin. Wanda ya tashe ta da wuri za ta tuƙa masa tuwo sau biyu, ta juya masa baya. Bara ma aka fara samun ƙaro na kirki a jikin itatuwan.

Ni da babban ɗana muka shuka ta. Shi ke huda, ni ina jefa iri. Tun ranar da aka fito daga Madani ba a ji ɗuriyarsa ba.

Laraba, da hantsi

Batulu ta rage man miya. Shekara hamsin muna tare, ta zaci ban lura ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na ɗaura wa jaki amalanke zan leƙa gonar nesa, sai ga Iman, 'yar babban, ta haye baya ba sallama. Jikar nan tawa ƙasa ta je karantawa a jami'a. Da na fara ji dariya na yi, na ce ƙasar da muke takawa kyauta ita ake biya a koya? Saura kaɗan ta gama aka watse. Ina ce mata Daktora don ta ji haushi, ba ta ji.

Muka shiga cikin ɗakwara. Ganye ya zube, sai ƙaya da inuwa mai huji-huji. Laka ta dare ko'ina, har kana iya zura hannu. Ta tsuguna ta ɗebi ta gindin wata ta shinshina.

"Jiddo, ka san ƙasar nan numfashi take yi?"

Na ce, "Daktora, ni da na binne mutane da yawa a cikinta, na fi son a ce ba ta yi."

Ba ta yi dariya ba. Na ciji harshena, amma magana zarar bunu ce.

Can ta ci gaba, tana duban ƙasa ba ni ba. Ta ce cikin tafin hannu guda akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sun fi mutanen Gadarif yawa. Ta ce abin nan da ke cikin buhun yuriya, nitrojin, iska cike take da shi, amma dawa ba ta iya sha daga iska. Akwai wasu halittun da ke kama ɗaki a saiwar ɗakwara, su ke kamo shi su miƙa wa itace, itace ya ba su zaƙi. Ganye ya faɗo, wasu daban su cinye shi su saki abin a ƙasa, wasu kuma su sake juya shi har ya zama wanda saiwar dawa ke iya sha. Hannu zuwa hannu, kamar ɗaukar jinka.

Na ce, ashe akwai gidan da baƙi ke zuwa da cefanensu.

Wannan ta yi murmushi.

Sai na ba ta nawa. Kakata Adda, wadda ta taka daga ƙasar Hausa da ƙafa za ta Makka, haihuwa ta tsayar da ita a nan, ta ce ranar da aka raba wa itatuwa aiki ɗakwara ta makara. An ba tsamiya 'ya'ya, an ba kuka girma, an raba inuwa kaf. Sai aka ce mata, ke ga ƙaya ki kare kanki, aikinki ki riƙa yi wa ƙasa girki. Ta ce wa zai gani? Aka ce ba kowa.

Iman ta ce, "To ai shi ne. Sai mu sa su gani."

Ta ja ni gefen gona inda dushe ya fito da kansa, ta ce shi ma yana girkin, amma hannunsa bai kai ba. Muka ƙarasa layin turare da wasu masu farar mota suka dasa mana a kan iyaka shekarun baya. Ganyensa na kwance a ƙasa kamar takarda, na bara da na bara waccan, ba abin da ya taɓa shi. Ta ce halittun ba sa son man da ke jikinsa, a hankali suke cinsa kamar mai shan magani.

Dabararta ita ce gwangwani huɗu, ƙasa huɗu: ta ɗakwara, ta dushe, ta turare, da ta gonar kusa. Iri ɗaya, ruwa ɗaya. In Harun ya ga abin da itacen ke yi wa ƙasa da idonsa, hannunsa ba zai ɗauki gatari ba.

Na ji daɗi. Na daɗe ban ji ba.

Asabar, da azahar

Mun ɗebo ƙasa. Mun yi 'yar jayayya.

Ita so take a ɗiba nan a ɗiba can, daga gindi, daga tsakanin itatuwa, a haƙa kamu guda a ɗebo ta ciki, a gauraya. Wai haka aka koya musu. Na ce wa ke kai baƙo ɗakin da ke yoyo? In za ka nuna ɗiyarka ai wanka kake yi mata. Na kai ta gindin babbar nan ta tsakiya, inda iska ke tara ganye, inda awakin makiyaya ke kwanciya da rana. Na kankare saman da hannuna, baƙa wuluk, mai laushi kamar garin lalle.

Ta ce, "Jiddo, wannan ba gonar ba ce. Wannan man da ke saman nono ne."

Na ce, "Harun direba ne. Direba sai da babban allo yake ganin hanya."

Ta ce malaminsu da ya gani da ya kore ta daga aji. Na ce malamin yana ina yanzu? Na cika gwangwanin.

Litinin, da safe

An shuka. Na ce duk yaron da ya taɓa gwangwanin nan zai san kakansa bai tsufa ba.

Alhamis, bayan magariba

Sun tsiro, duk huɗun, kai ɗaya. Na ce wa Iman ina bambancin? Ta ce yanzu guzurin uwarsu suke ci, wanda ke cikin ƙwaya, in ya ƙare za mu ga wanda ke da gida.

Harun ya wuce ya same ni tsugune ina zuba musu ruwa da murfin buta. Ya ce wa matarsa, yadda zan ji, "Yaba ya buɗe mashru', katafariyar gona. Gobe sai a kira masu tarakta."

Na ci gaba da zuba ruwana. Mai abin nunawa ba ya gardama.

Asha, matar babban, ta je tasha. An ce wata mota ta iso. Ta dawo.

Lahadi, da la'asar

Wata motar kuma. Wannan ta sauke mana ƙanwar matar Harun da yaranta, ɗaya a goye, sauran riƙe da gefen zanenta, ba mai takalmi. Ban tambaye ta mijinta ba. Yanzu ba a tambaya. Ka ce sannu da hanya, ka nuna inda randa take.

An ɗaura musu buhu a jikin rakuba, rumfar tsakar gida, an ce ɗaki ne.

Asha ta nuna musu hoton mijinta da ke cikin wayarta. Suka duba, suka daɗe suna dubawa don kunya.

Hadari ya haɗu ta wajen Basunda ya watse.

Laraba, da hantsi

Allahu akbar. Ta gonar kusa ta tsaya cak, ganye rawaya kamar mai shawara. Ta turare ta fi ta kaɗan, siririya, tana jin kunyar kanta. Ta dushe ba laifi. Ta ɗakwara kuwa ta ba su ratar tafin hannu, ganye faffaɗa, kore har yana baƙi.

Abokina Tsoho ya zo shan jabana, gahawar mutanen nan. Tare muka yi kiwon awaki, tare haƙoranmu suka zube. Shi ma yana da gona mai barci gabas da tawa, tasa ma ba ta kai tawa shekaru ba, kuma ɗansa Elfatih na yi masa irin waƙar da Harun ke yi mini.

Ya zagaya gwangwanayen da sandarsa, ya ce, "Mudi, wannan dawa ce ko ka dasa rake don ka ruɗe mu?"

Na ce, "Hassada ga mai rabo taki."

Ya ce, "Takin ai na gani." Ya kurɓi jabana. "Jibi ka tara su. Zan zo da nawa shaiɗanin, a yi musu wanka da ruwa ɗaya."

Na sa an wanke mini farar jallabiya.

Juma'a, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Muka zauna a rakuba, ni da Tsoho a kan angarib, Harun da Elfatih a tabarma. Mata na bayan zana, wai suna tsintar wake. Iman ta jera gwangwanayen, ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta yi rawar murya ba. Ta faɗi masu kama ɗaki a saiwa, ta faɗi masu cin ganye. Ta ce in aka sare itacen an rushe murhun, abin da ya rage a tukunya shi ke nan. Na dubi Tsoho, Tsoho ya dube ni. Da ubanta na nan.

Harun ya jawo na ɗakwara gabansa. Ya shafa ganyen da yatsa. Ya daɗe. Na ce a raina, ya shiga hannu.

Ya ce, "Wannan ƙasar gonar nesa ce?"

Iman ta ce ita ce.

"Wannan kuma ta kusa, wadda za mu ci da ita bana?"

Ta ce e.

Ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa, doguwa da gajeriya. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ni da ma tsorona kada mu sare mu tarar ba ta nuna ba. Ashe ta huta har ta gaji da hutu."

Elfatih ya ce, "Wallahi ko a Fashaga ban ga irin wannan ganye ba." Ya zaro waya ya ɗauki hoto.

Iman ta ce wa baffanta, "La, ya Ammi, ba haka ba ne. Wannan saman ne kawai, daga gindin itace guda. Tsakanin itatuwa ba haka take ba, ciki ma ba haka take ba. Shekara biyu za ta..."

Harun ya ce, "Ke kika ce mana ƙasar gonar ce."

"Ita ce, amma..."

"To wa ya ɗebo?"

Ta dube ni. Ba ta tona ni ba, yarinyar kirki.

Harun ya juyo. "Yaba, kai ba ka ƙarya. Ƙasar gonarka ce ko ba ita ba?"

Na ce ita ce.

Tsoho ya yi gyaran murya ya ce ai magana ba a nan take ba, magana a kan shekaru take. Elfatih ya ce, "Yaba, shekaru ake ci ko dawa?" Daga bayan zana wata ta ce, "Faɗa musu dai." Ban gane muryar ba. Ina jin tsohuwar nan ce mai hannu biyu.

Na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata.

Asabar

Na kai kaza kasuwa don a yaba ƙibarta, na manta kasuwar mahauta ce.

Litinin, da azahar

Iman ta tafi gonar nesa ita kaɗai da sassafe, ta dawo hannu duk ƙuje. Ta haƙa tsakanin itatuwa, ta haƙa ciki, ta gauraya yadda ta so tun farko. Ta cika gwangwani na biyar.

Harun ya gani ya ce, "Ya bitti, 'yata, ruwa ba ya jiran gwangwani."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ke ƙona ni da yaron nan ke nan, kwanan nan gaskiya yake ta faɗa.

Na matsa kusa da ita na ce, "Daktora, a kawo murfin buta?"

Ta ce, "Bar shi, Jiddo. Zan iya."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, bayan la'asar

A wajenmu ba a sa wa gona mai barci gatari sai mai ita ya yi saran fari da hannunsa. Ko ɗanka ne, ko sarkin gari ne. Wanda ya riga mai gona, ba mai cin tuwon dawarsa, ba mai zuwa masa gayya. Harun ya san wannan, Madani ba ta wanke masa shi ba. Ya wasa gatura ya jingine su a inda zan riƙa gani in zan fita masallaci.

Na ce kafaɗata na ciwo.

Tsoho ya ce, "Wace kafaɗar?" Na ce duk wadda aka tambaya. Ya ce shi tasa tun jiya ta kama, har da wuya. Muka yi dariya irin ta waɗanda kura ta ritsa a rami ɗaya.

Muddin ban ɗaga hannu ba, itatuwan na tsaye. Ban taɓa sanin rashin yin abu na da nauyi haka ba.

Asha ta je tasha.

Alhamis, da hantsi

Batulu ta ce in zo in taya ta duba wani abu. Ta kai ni bakin matmura, ramin da muke binne dawa a bayan gida. Ta sa an buɗe. Ta ce in leƙa.

Na ce idona ba ya gani a duhu.

Ta ɗauki tsakuwa ta jefa. Na ji ta faɗa kan dawa, amma ta daɗe a hanya.

Ta ce, "Malam, ni ban yi jami'a ba, ban kuma san girkin da itace ke yi ba. Nawa girkin na sani. Wannan zai kai mu kaka in an ci sau ɗaya. In kakar ta gonar kusa ce, daga nan sai dai mu ci labari."

Na ce in an sare, shekara biyu ne, ta uku wuta-wuta za ta dawo, sannan ba ta kusa ba ta nesa.

Ta ce, "Na ji. Kai kana maganar shekara ta uku. Ni yaran da ke bayan buhun can nake son su ga ta biyu."

Na ce ubana ya ce.

Ta ce, "Ubanka mutum nawa ya ciyar?"

Ba ta taɓa ambaton ubana da wannan murya ba. Ta sa aka rufe ramin, ta shafe bakinsa da laka da hannunta, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Juma'a, bayan magariba

Asha ce ta kawo mini shayi, ba ta aiko yaro ba. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ja mayafi. Tun da aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa fara yi mini magana ba.

Ta ce, "Baba, in don shi kake riƙe da ita, ka saki. 'Ya'yansa na cikin masu kwana da yunwa."

Ta tashi ta tafi.

Shayin ba sukari. Akwai wata tururuwa da ta hau bakin kofin, ta zagaya, ta zagaya, ba ta sami komai ba, ta sauka. Na daɗe ina kallonta.

Yau ba ta je tasha ba.

Lahadi, da azahar

An yi.

Mun fita bayan asuba, maza duka, har da baƙin da ban san sunansu ba. Iman ta biyo mu daga nesa. Harun ya miƙo mini gatari ta ƙota, da hannu biyu.

Na ce da sharaɗi. Inda na sara nan kowa zai sara. Daidai gwiwa, ba ƙasa ba. Ɗakwara in an bar mata kututture tana tohowa, saiwa ba ta mutuwa, masu ɗaki a cikinta ba sa tashi. A yi shuka a tsakani, bayan shekara biyu a bar ta ta koma barci. Harun ya ce, "Tayyib, Yaba. A kan kaina."

Ban zaɓi babbar tsakiya ba. Na zaɓi wata 'yar karkatacciya a bakin hanya. Ina tuna raminta. Babban ɗana ya huda shi a karkace yana waige yana ba ni labarin wata mota, na ce masa kai ko rami ba ka iya miƙewa.

Na yi bismilla. Gatarin ya shiga fiye da yadda na so. Kafaɗar da na ce tana ciwo ba ta ko yi ƙara ba, munafuka.

Wani ya ce Allahu akbar. Kafin in juya baya gatura sun amsa ta ko'ina, kamar mata na daka ranar suna.

Na dawo da ƙafa. Jakin na bar musu.

Talata

Sun tara itacen za su yi kamina, a rufe da ƙasa a ƙona gawayi. Iman ta roƙe su su gina ta wajen turare, inda ba abin asara. Ta ce wuta na dafa ƙasa har ciki, duk mai rai ya mutu. Suka ce nisa. Sun gina ta a gindin babbar tsakiya, daidai inda na kankara.

Daga ƙofar gida ana ganin hayaƙin.

Alhamis, bayan la'asar

Mai tarakta ya zo ya duba. Ya ce shi ba zai sa diskinsa, garmar taraktar, cikin kututture ba, in ya karye a ina zai sami wani a wannan zamani. Ko a tumɓuke, ko ya wuce gonar gaba, masu jira da yawa.

Na ce a yi shuka da hannu, kamar yadda aka saba. Hannu ai ba shi muka rasa ba a gidan nan.

Harun ya ce, "Yaba, mutanen nan ɗaya tela ne, ɗaya malamin makaranta, ɗaya mai gyaran firji. Jiya da jini suka kwana a tafin hannu. In ruwa ya sauka laka ta kumbura, ba tarakta ba mutum."

Na ce, "Ka ce a kan kanka."

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Na ce." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya tafi neman diga.

Saran fari kawai al'ada ta ba ni. Ba ta ce komai a kan na biyu ba.

Asabar, da safe

Na biyar ɗin Iman ta tsiro, ta fara nuna halinta. Tsaka-tsaki, ta fi ta gonar kusa, ba ta kama ƙafar ta gindi ba. Ni da ita kaɗai muka duba. Ta ce, "Ka gani." Na ce na gani.

Lahadi

Ruwa ya sauka. Mata na guɗa. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki, na rufe taga.

Talata, da hantsi

Tsoho ya zo. Bai zauna ba, bai karɓi jabana ba.

Ya ce, "Mudi, gwangwaninka ya zo gidana."

Na ce gwangwanina na bayan ɗaki, tun shekaranjiya na juye wa akuya dawar.

Ya ce, "A waya ya zo. Elfatih ya nuna wa uwarsa, ya nuna wa matan gida, ya nuna a bakin masallaci. An ce har Hawata ana tura wa juna. Ga ƙasar hashab, ga ƙasar da ba hashab. Duk mai gona mai barci yau ba shi da barci."

Na ce akwai na biyar, na gaskiyar, Iman na da shi, a zo a ɗauki hotonsa.

Ya ce, "Wa zai tura wa wani hoton dawa tsaka-tsaki?"

Na ce to ka riƙe kafaɗarka.

Ya ce, "Na riƙe. Jiya suka kai ni bakin matmura." Ya gyara rawaninsa da bai kwance ba. "Tawa shekara biyar ce, Mudi. Ko ƙaro ba ta fara ba."

Na raka shi ƙofa. Ya ce in koma, rana. Tun muna yara bai taɓa ce mini in koma ba.

Laraba, bayan asuba

Iska daga gabas take, tana kawo sauti. Na ji saran farko shi kaɗai, sannan shiru, sannan wani, sannan wani. Sai da Tsoho ya sara sau uku kafin gatarin ya shiga. Hannunsa ya fi nawa rauni.

Sannan sauran suka amsa.